Girkawan da Suka Auna Gyaɗar Kakanninmu da Ƙyuyar Alƙalumanmu



'Yan uwa marubuta, malamaina da yayyena da ƙannena na wannan zaure, barkanmu da ganin wani makon. Ina godiya ga shugabanni da suka ba ni filin maƙalar mako. Tun kafin a yi nisa ina neman afuwa, domin yau da faɗa na zo, kuma ni ne na farkon wanda faɗan zai hau kansa.

Daga ƙaramar salla zuwa yau na karanta littattafai goma sha ɗaya na marubutanmu na intanet, wasu a WhatsApp, wasu a Wattpad, biyu kuma masu su ne suka turo min in duba musu. A cikin guda tara jarumin yana da kamfani, amma har aka kai "tammat bi hamdillah" ba a faɗa mana abin da kamfanin ke sayarwa ba. Da safe yakan sa kwat ya tafi ofis, ya sa hannu a takardu, ya daka wa sakatariya tsawa, da yamma ya hau jirgi sai Dubai. In baƙo ɗan wata ƙasa ya leƙo cikin labarin, to likita ne a Indiya wanda aikinsa kawai ya fito ya ce a yi haƙuri, ko wata Baturiya da aka maƙala wa jarumi don matarsa ta samu abin kishi. Ba su da uwa, ba su da garin da suka baro, ko yunwa ba sa ji.

Ba cewa nake a daina rubuta soyayya ba. Ni ma ita nake rubutawa, ita ce ta kawo yawancinmu nan. Abin da ke damuna shi ne mun zama marubutan da ba su san yadda aka nemi kuɗi a ƙasarsu ba, ba su kuma san mutanen da kakanninsu suka yi gumi a ƙarƙashinsu ba. Zan kafa hujja da Girkawa, don na tabbata rabin zauren nan bai taɓa jin cewa sun yi zaman neman abinci a Kano ba.

Ku ajiye waya minti ɗaya ku leƙa ɗakin Umma. Robb ɗin da take shafa wa yara in mura ta kama su, da sabulun Canoe ko Premier da ke bakin rijiya, duk kayan kamfanin PZ ne. Harafin Z ɗin nan sunan mutum ne, George Zochonis, Bagirke. Shi da abokinsa George Paterson suka fara kasuwanci a Saliyo, suka yi wa kamfanin rajista a 1884, suka buɗe reshe a Najeriya a 1899. Coca-Cola da Fanta da jarumanmu ke ɗora wa budurwa a faranti, kamfanin Nigerian Bottling Company ke yin su, yana da masana'anta a Challawa, kuma gidan Leventis ne suka kafa shi a 1951. Shi mai sunan, Anastasios Leventis, Bagirken tsibirin Saifurus ne, an haife shi a 1902 ya rasu a 1978. Ƙaramar motar nan ta Volkswagen mai siffar kunkuru, wadda malaman makaranta na zamanin iyayenmu suka yi yayi, kamfanin Mandilas ne ya yi dillancinta, shi ma na Girkawa ne. Mu mutanen kudancin Kano ma ba sai mun je birni ba: makarantar koyon noma da ke Panda a ƙaramar hukumar Albasu ta Gidauniyar Leventis ce, tana da 'yar uwa a Dogon Dawa ta jihar Kaduna. Muna wanka da sabulunsu, muna shan lemonsu, yaranmu na koyon noma a makarantarsu, amma ni dai ban taɓa cin karo da ko mutum ɗaya daga cikinsu a shafin littafin Hausa ba. In akwai wanda ya taɓa gani, ya taimaka ya nuna min.

Yanzu ga laifina.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu a Tiga, Baba kawai muke ce masa. Asalinsa mutumin ƙasar Kiru ne. Yana saurayi, kafin a samu mulkin kai, ya tafi Kano cin rani, cin ranin da ya cinye masa shekara goma sha huɗu, domin ya samu aiki a siton wani Bagirke mai sayen gyaɗa da fata da ƙirgi. Da dako ya fara, daga baya aka mayar da shi yaron sikeli. Bayan magariba yakan zauna a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, in ya samu mai saurare sai ya ɗauko labarin maigidansa. Ni kuwa lokacin ina difloma, in na zo hutu nakan zauna kusa da shi don wajen ya fi sabis, ina jinsa da kunne ɗaya, yatsuna na kan waya ina rubuta labarin wani biloniya mai jirage uku.

Ga ɗan abin da ya maƙale min. Ya ce mutumin yana jin Hausa kamar jakin Kano, har da karin magana, amma in ransa ya ɓaci sai ya koma yarensu. Ya ce in yana magana da ƙanensa za ka ji yana ta "ne, ne", ashe a bakinsu "ne" ita ce "i". Kullum da carbi a hannunsa, har Baba ya ɗauka a ɓoye ya musulunta, sai daga baya ya gane carbin na ɗebe kewa ne, ba a tasbihi da shi. Abincin safensa burodi ne da zaitun da wani farin cuku mai gishiri. Kafin babbar sallarsu yakan yi makonni bai ci nama ba, ranar sallar kuma su rina dafaffen ƙwai ja, kowa ya riƙe nasa a riƙa gwarawa, wanda nasa bai fashe ba shi ke da sa'a. Mutanen gari Kwara suke ce masa, ba ya so, kullum sai ya gyara musu, su kuma ba su fasa ba.

Sai abubuwa biyu da Baba ba ya faɗa da dariya. Na farko, ranar da wasiƙa ta iso cewa mahaifiyar maigidan ta rasu, an ma yi makonni da binne ta. Ya rufe sito da rana tsaka, ya zauna a kan buhun gyaɗa yana kuka kamar yaro. Leburori suka rasa yadda ake yi wa irinsa ta'aziyya, sai suka jeru suka ce masa Allah ya ba da haƙuri, ya amsa da amin. Na biyu, akwai kakar da ake tauye wa manoma awo, kowane buhu a zaftare wani abu da sunan ƙasa da ɓawo. Akawun, Bahaushe ɗan uwansa, shi ke ƙyafta masa ido, maigida na zaune yana jan carbi kamar bai gani ba. Baba ya ce har ya tsufa bai san ko maigidan ne ya sa ba ko akawun ke cin nasa. Abin da ya sani, hannun da ke tura ƙarfen sikelin nasa ne, kuma wata rana wanda aka tauye ɗin mutumin ƙauyensu ne, abokin mahaifinsa. Ya kuma ce a shekara goma sha huɗun nan bai taɓa wuce ƙofar kicin ɗin gidan mutumin ba.

Baba ya rasu shekara biyu ke nan, Allah ya jiƙansa. Wayar da ke hannuna tana ɗaukar murya, ban taɓa dannawa ba ko sau ɗaya. Abin da kuka karanta yanzu shi ne duk abin da na tsira da shi daga shekara goma sha huɗu na rayuwar mutum. Labarin biloniyan kuwa, ni kaina na manta sunan jarumar.

Su wane ne waɗannan mutane, me ya kawo su? Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, garin ya cika da kamfanonin Ingila da Faransa da kuma ƙananan 'yan kasuwa daga bakin Bahar Rum: Kwarori 'yan Labanan da Siriya, waɗanda Kantin Kwari ya ci sunansu, da Larabawan Turabulus, da Girkawa. Da yawansu ba da dukiya suka baro gida ba. Shi kansa Leventis yana matashi ya zo Afirka ta Yamma a matsayin ma'aikaci, ya yi wa kamfanin G.B. Ollivant aiki, sai a shekarun 1930 ya kafa nasa a ƙasar da yau ake kira Ghana, daga can ya faɗaɗa zuwa Najeriya. Wanda ya kafu sai ya aika gida a turo masa ƙane ko ɗan 'yar uwa, a sa shi a sito ko a tura shi wani gari mai tashar jirgi ya koyi awo da lissafi da yaren mutane, in ya nuna amana a buɗe masa nasa. Duk wanda ya san yadda maigida a Kwari ko Singa ke ɗauko yaro daga ƙauyensu ya rene shi a shago har ya sallame shi da jari, ya san wannan tsari. Iri ɗaya ne.

Kiristoci ne 'yan ɗariƙar Otodoks, cocinsu a Afirka tana ƙarƙashin babban limaminsu da ke Iskandariya ta Masar, Istarsu ma sau da yawa ba ta faɗuwa rana ɗaya da ta sauran Kiristoci. Matsayinsu a zamanin Turawa kuwa shi ne abin da ya kamata ya fi jan hankalin marubuci. A idon manomin Bebeji farar fata ne mai sikeli. A idon Baturen mulki ɗan tireda ne. In kuma daga Saifurus ya fito, to shi ma talakan Ingila ne kamar Baba, domin tun 1878 tsibirin ke hannun Ingila, kuma sai a watan Agustan 1960 ya samu 'yanci, wata ɗaya da rabi kafin mu. Mutum yana sama da kai a sito, alhali tuta ɗaya ke kaɗawa a kanku. Daga baya dokar mayar da harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta zo, aka ƙarfafa ta a 1977, fari na farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka rushe dala. Ƙananan kantuna da yawa suka canja hannu, manyan kamfanoni suka sayar da hannun jari suka zauna, wasu mutanen suka tattara suka koma gida. Wane littafinmu ne ya ba da labarin ranar da yaron kanti ya wayi gari an miƙa masa makulli, ko ranar da ya wayi gari babu aiki?

Ga inda abin ya fi yi min ciwo. Su ɓangarensu na labarin a rubuce yake. Gidan Leventis na da gidauniya, suna da cibiyar binciken tsuntsaye a kusa da Jos, har ƙungiyar ƙwallo suka yi a Ibadan, Leventis United, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na zakarun kofuna a 1985. Kamfanoninsu sun rubuta tarihin kansu. Girkawan Masar sun fitar da mawaƙi, Cavafy, wanda ya yi kusan shekara 30 yana akawu a ofishin ban ruwa a Iskandariya, irin ofishin da mu 'yan bakin dam muka sani, kuma yau ana karanta shi a duniya. Wanda bai da kowa shi ne mutumin da ke ɗaya gefen sikelin: ɗan dako, karen mota, kuku, mai gadi, manomin da ya kwana a hanya da jakinsa, matar da ta ɓare gyaɗar da hannunta. Ba su da gidauniya, ba su da jikokin da za su ɗauki hayar marubuci. Mu ne kaɗai suke da shi, mu kuma muna Dubai.

Na san abin da za a ce min, don an riga an faɗa min a taron ƙungiyarmu.

Za a ce wannan ba labarinmu ba ne, labarin baƙi ne. To, Alhassan Ɗantata a Bebeji aka haife shi a 1877, kuma kafin ya zama sarkin gyaɗa a Kano baƙo ne mai fataucin goro a Gwanja da Kumasi, ƙasar da Leventis ya kafa kamfaninsa. Muna da zango a Kumasi, muna da Sabo a Ibadan, muna da dangi a Sudan da suka tafi aikin hajji a ƙafa ba su dawo ba. Babu wanda ya kai Bahaushe sanin ɗacin a kira ka da sunan da ba naka ba a garin mutane. Abin ma ya juya: Giannis Antetokounmpo da samarinmu ke kallo a ƙwallon kwando, a Atina babban birnin Girka aka haife shi a 1994, iyayensa 'yan Najeriya ne, ya yi tallar agogo da tabarau a titi, bai samu takardar zama ɗan ƙasa ba sai 2013. Ana cewa baƙo raɓa ne. Raɓar da ta yi shekara ɗari tana sauka a gonarka ta shiga cikin abin da ka girba.

Za a ce ai cutar mu suka yi, don me za mu yabe su? Wa ya ce a yabe su? Ku koma ku karanta labarin sikelin Baba. A ciki akwai maigidan da ya kau da kai, akwai akawun da ya ƙyafta ido, akwai yaron da ya tura ƙarfe don kada ya rasa abincinsa. Marubucin da ya mayar da Bagirken shaiɗan ya wanke akawun, wanda kuma ya mayar da shi mala'ika ya manta ƙofar kicin. Duka biyun ƙyuya ce. Mutumin da ya yi kuka a kan buhu shi ne dai wanda ya ja carbi ana tauye awo, kuma in alƙalaminka ba zai iya riƙe su a jikin mutum ɗaya ba, ba zai iya riƙe kishiya ko uwar miji ba. Shi ya sa kishiyoyin littattafanmu duk bokansu ɗaya.

Za a ce masu karatu soyayya suke so, su ke biyan kuɗin littafi. Gaskiya ne. Amma saurayin da ya tafi cin rani ya bar yarinyar da aka yi masa baiko da ita a Kiru, yana tara sule da sisi a gwangwani, kaka na zuwa tana wucewa, shi ba soyayya yake ba? Ƙanen maigida da aka ajiye shi kaɗai a tashar jirgi, ba mai jin yarensa, yana jiran hoton yarinyar da uwarsa ta zaɓa masa, fa? Masu karatu ba su taɓa ƙin wannan ba, ba a ba su ba ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya sa Balarabe a cikin Shaihu Umar tun shekarun 1930, ya ba shi gida da hali da tausayi a tsakiyar cinikin bayi, kuma har yau ana karanta littafin.

Za a ce ba mu da kayan bincike. Mary Smith ta taso daga Ingila ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya a ƙasar Zazzau da alƙalami da takarda, littafin Baba ta Karo ya fito a 1954, yau duniya na sanin rayuwar matan Hausa ta bakinta. S. A. Albasu ya rubuta littafi guda a kan 'yan Labanan na Kano, ya fito a 1995. Gidan Makama na nan, Gidan Ɗan Hausa na nan, Gidan Mambayya na nan, Arewa House da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa na Kaduna. Kuɗin data na wata ɗaya zai kai mutum ya dawo da shi. Kafin duk wannan ma, akwai tsohon da ke zaune a ƙofar gidanku.

Sai dai gargaɗi ɗaya. Kada wani ya karanta wannan ya je daren yau ya ƙirƙiro Bagirke daga fim, ya sa masa Hausar "ni zo, kai tafi", ya ba shi suna daga intanet ya ce ya amsa kira. Wannan biloniyan ne dai aka canja wa fata. A fara da zama a gaban wanda ya gani. A tambaye shi nawa ake biyansa, ranar wace ake biya, me yake saya da kuɗin. A tambaye shi a ina yake kwana, me maigida ke kiransa, shi kuma me suke kiran maigidan in ba ya nan. A tambayi ranar da aka fi wulaƙanta shi da ranar da aka fi kyautata masa. A nemi izininsa kafin a ɗauki muryarsa, in za a rubuta a sakaya sunayen mutane, domin suna da jikoki. Kada a katse shi in ya kauce, sau da yawa a kaucewar labarin yake.

Kuma ba sai Girkawa ba. Dam ɗin Tiga an gina shi tsakanin 1971 da 1974, zamanin Audu Baƙo. Leburorin da suka yi aikin da mutanen da ruwa ya tashi garuruwansu, wasunsu na raye, suna sayar da kifi ko suna zaune a masallaci. Tsofaffin Riruwai a Doguwa sun haƙi kuza a ƙarƙashin baƙi. A yau ma ga Sinawa a Kantin Kwari, ga Indiyawa a masana'antun Sharaɗa da Bompai, ga ƙannenmu na yi musu aiki, suna dawowa gida da labarai muna jinsu da kunne ɗaya. Nan da shekara hamsin wani yaro zai zauna ya rubuta irin wannan maƙala a kanmu.

Ga abin da nake roƙo. Kafin mako mai zuwa, kowa ya nemi tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya da suka taɓa yi wa baƙo aiki, kowane irin baƙo, ya zauna da su awa guda, wayarsa a kife in ba ɗaukar murya take ba. Ya rubuta shafi ɗaya ya kawo nan mu karanta. Ni na samu wani tsohon direba a Tudun Wada da ya yi jigilar gyaɗa zuwa Kano, ya ce in zo ranar Asabar bayan la'asar. An ce min ba ya jin daɗin jikinsa sosai, don haka Juma'a zan tafi.

Wanda maganata ta ɓata wa rai ya yafe min, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda kuma ke ganin na yi kuskure, fili nasa ne, ina saurare. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya yi wa alƙalumanmu albarka.